Muryar Baba Tafinta

Ranar Talata da hantsi aka gane an shiga ɗakin Baba Tafinta. Ina bisa keke a titin Grand Concourse, abincin wani na goye a bayana, sai Anti Habsatou, 'yar Baban, ta kira ni. Ko gaisuwa ba ta bari na gama ba.

"Lawali, in ka sauke abin da ka ɗauko ka zo gidan Baba. An yi mana sata."

Na kai wa mai abinci abincinsa tukuna, don shi bai yi wa kowa laifi ba, sannan na juya zuwa unguwar Mount Hope, inda gidan Baba yake.

Ni aikina ke nan, kai abinci gida-gida. Ban yi nisa a lakwal ba, wato makarantar boko. Amma a ƙauyenmu, can gaba da Dakoro, gidanmu ne gidan bin sawu. In raƙumi ya ɓata ko an kore shanu, mu ake tasowa. A nan Bronx sau ɗaya na gano wa wani abokin aikina kekensa da aka sace, shi ke nan mutanenmu suka laƙaba mini Mai-sawu. Rabin sunan tsokana ce, na sani, ina dai amsawa.

Na tarar da mutane cike da matakalar bene, kowa cikin rigar sanyi, don da asubar ranar ƙanƙara ta zuba. Tun daga hawa na biyu nake jin ana yanke hukunci.

"Aikin gwamnati ne, malam. Su ba sa fasa ƙofa."

"Wace gwamnatin? Tamu ko ta nan?"

"Duka mana. Ai bakinsu ɗaya."

"Ni dai na ce a tambayi Abdurrahman. Wa yake tuƙawa kullum in ba jakada ba?"

Yaw, mai kula da gidan, mutumin Kumasi, ya gitta sandar gogensa a bakin barandar hawa na huɗu, ya hana kowa wucewa sai masu ɗaki. Ba don bincike ba ne. Ya ce ya gaji da goge gishirin narkar da ƙanƙara da mutane ke kwasowa a takalma daga titi. Wannan gajiyar tasa ta yi mini amfani.

*

Sumaya, jikar Baba, 'yar Anti Habsatou, tana zaune a bakin gado, idanunta sun kumbura. A jami'a take, tana karatun tarihi. Hausarta irin ta yaran da aka haifa a nan ce, ta ji rabi ta amsa da Turanci, don haka abin da ta faɗa ni na mayar da shi Hausa.

Baba ya zo birnin nan yana saurayi, shekarar da ƙasarmu ta samu 'yanci. Cikin tawagar da aka turo akwai wani dattijo da ba ya jin kome sai Hausa, shi Baba yake yi wa tafinta, sunan kuma ya bi shi har tsufa. A wancan zuwan, in ji Sumaya, an yi wani zama a ɗakin otal wanda ba a rubuta shi cikin tsarin tafiyar ba: namu, da Nasaran da suka mallake mu, da mutanen wata babbar ƙasa ƙawarsu. Maganar dukiyar sabuwar ƙasa aka yi, a baitulmalin wa za a ajiye ta, wa ke da ikon taɓawa, da kuma abin da ƙawar za ta riƙa ba Nasara a ɓoye don su ci gaba da riƙon. Sumaya ta rubuta wa gidajen adana takardun tarihi har ƙasa biyu. Ɗaya suka ce takardun a rufe suke. Ɗaya suka aiko mata da shafuka an shafe kusan kowane layi da baƙin tawada.

Duk wanda ya zauna a ɗakin nan ya mutu, saura Baba. Shi kuma bai taɓa buɗe baki ba sai hutun da ya wuce, ya kira ta ya ce ta zauna. Ya hana ta ɗauka da waya, ya ce waya munafuka ce, abin da ta ji a nan sai ta kai can. Tsohuwar rikodarsa ya jawo, ya cika kaset-kaset, ya kulle su cikin akwatin ƙarfe.

"Ba ki kwafa ba?"

"Yau zan kai wa Kawu Abdurrahman ya fassara mini, daga nan mu kwafa."

"To ai kin ji abin da ya ce."

"Na ji muryarsa. Amma Hausar tsofaffi ce, ga Faransanci a ciki. Ko rubu'i ban gane ba."

Sati guda kafin wannan rana Baba ya faɗi a masallaci bayan sallar asuba. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke, likitoci kuma ba su yi alkawarin za ta dawo ba.

"Lawali, ba sirrin kaɗai nake wa kuka ba," ta ce. "Muryarsa ce a ciki. Ba ni da wata."

Na tambaye ta wa ya san yau za ta ɗauki kaset ɗin. Ta ce jiya a asibiti ta faɗa, a gaban babanta Mutaru, da Abdurrahman, da Malam Tamimu ladan, aminin Baba, da wasu mata 'yan dubiya. 'Yan sanda kuwa ta kira su, sun ce ta je ofishinsu ta ba da rahoto.

*

An ɓalle kwaɗon akwatin da sukundireba, amma ƙofar ɗakin a kulle suka same ta, lafiya lau. Agogon Baba na kan tebur, ba a taɓa ba. Ledar ƙasa tsaf, babu sawun kowa.

Na tambayi Anti Habsatou me ake ɗorawa bisa akwatin, don ƙura ta bar wurin wani abu mai kusurwa huɗu.

"Alƙur'aninsa." Ta waiga, ta dafe ƙirji. "Shi ma sun ɗauka?"

Ba su ɗauka ba. Yana can saman sif, an ninke darduma an shimfiɗa a ƙarƙashinsa.

Na fito baranda na durƙusa. Ɗakin Baba shi ne na ƙurya, ba mai zuwa wajen sai wanda ya nufe shi. Gishirin titi in ya bushe fari yake barin sawu, ya fi yashin garinmu ma riƙe magana. Na ware na Sumaya, na ware na uwarta. Saura ɗaya. Taku ne gajere, mai jan ƙafar hagu kaɗan, ya zo har bakin ƙofa. A gefen dama kuma ga shatin takalma biyu a jere, kai da kai, ruwa ya taru a ƙarƙashinsu ya bushe. Sun daɗe a ajiye a wurin ba ƙafa a ciki.

"Chale, me ka gani?" Yaw ya tambaya.

"Ɓarawon ya cire takalmi kafin ya shiga."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Eii! Ɓarawo mai ladabi. Ya yi sallama kuma?"

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne shatin kansa. Shafaffe ne, ba irin zanen takalmin sanyi, ba dunduniya. Silifas ne. Na fara zaton wani maƙwabci ne a cikin gidan, amma silifas ɗin cikin gida ba ya kwaso gishiri. Wannan daga titi ya zo, ta cikin ƙanƙara.

*

Washegari na samu Abdurrahman a gefen titi kusa da ofishin jakadancinmu a Manhattan, yana cikin baƙar mota yana jiran maigidansa. Ya buɗe mini na shiga don ɗumi.

"Bon, an turo ka ka kama ni ke nan. Jiya a masallaci mutum biyu suka ƙi ba ni hannu."

"Ba kama ka na zo yi ba, yaya. Tambaya ce."

"Tambayi. Lawali, ofishin da hitarsa ta mutu tun farkon sanyi, muna aiki cikin bargo, shi zai aika ɓarawo Bronx? Jakadan ma kansa bai taɓa ganin waɗannan takardu ba. Suna can ƙasar Nasara a kulle. Kuɗinmu ne aka yi magana a kai, kuma mu ne ba a yarda mu gani ba. Wallahi na fi yarinyar nan matsuwa in ji abin da tsohon ya ce. Kuma in ina son kaset ɗin, don me zan sata? Da hannunta za ta kawo mini."

Wannan gaskiya ce, kuma masu matakala ba su tuna da ita ba. Na dubi ƙafarsa. Takalmin ofis ne mai tsini, yana sheƙi. Ya lura, ya ɗaga mini shi.

"Duba da kyau. Na sayarwa ne in ka taya."

*

Mutaru, mijin Anti Habsatou, yana da shagon kayan waya a Fordham Road. Yana da makullin ɗakin Baba, kuma kowa ya san bai so maganar kaset ɗin ba. Ƙato ne, takalminsa ya kusa biyun wanda nake nema, amma mutum na iya aikawa.

Bai ɓoye ba. "Na hana, ƙwarai. Na ce wa Sumaya, ke an haife ki a nan, ni takardata ta zama sabuntawa ake yi. Ki tono abin da manyan ƙasashe suka binne, wa za a fara tambaya? Amma in saci abin 'yata? Haba, Mai-sawu."

Ya sallami wata mata da ta zo sayen caja, ya dawo ya rage murya.

"Ka san abin da ya rufe bakin tsohon nan duk shekarun nan? Ba tsoron gwamnati ba ne. Da aka gama zaman, su manyan hannu suka sa a takarda. Shi yaro ne, sa hannunsa ba ya da daraja a wurinsu. Sai wani Banasare da ya daɗe a ƙasarmu ya ce a kawo Alƙur'ani. Aka sa shi ya dafa, ya rantse ba zai faɗa wa kowa ba, in ya faɗa Littafin ya ci shi. Ka ji fa. Mutanen da ba su yarda da Littafin ba, da shi suka ɗaure shi."

Sai na tambaye shi makullai nawa ne.

"Nawa, na Habsatou, na Yaw. Sai na Baba."

"Na Baban yana ina?"

"Asibiti mana, cikin kayansa."

Na kira Anti Habsatou a nan take. Ta duba ledar da asibiti suka ba ta: jallabiya, hula, carbi. Babu makulli, babu rigar sanyi. Mutum kuwa ba ya fita asuba a watan nan ba rigar sanyi.

*

Masallacinmu ɗaki ne a ƙasan wani gini. Na je la'asar da wuri. A jikin ƙusoshin bango, can ƙarshe, ga rigar Baba mai ruwan toka tana rataye tun ranar da motar asibiti ta ɗauke shi. Na shafa aljihun, makullai suka yi ƙara.

Na koma wajen ajiye takalma na tsaya kamar ina kwance igiyar nawa. Duk manyan takalman sanyi ne, jiƙaƙƙu. A layin ƙasa, gefen dama, silifas guda na roba, an jera su kai da kai, gishiri ya yi musu farin baki. Na hagun ya fi cinyewa ta gefe.

Daga ciki aka fara kiran salla. Na leƙa na dubi ƙafar mai kiran. Malam Tamimu huffi yake sawa duk lokacin sanyi, safar fatar nan da ake shafa a kanta wajen alwala. Fata ta riga ta rufe masa ƙafa, ga shi yana shiga yana fita masallaci wuni guda, shi ya sa bai taɓa wahalar da kansa da takalmi mai igiya ba. Shekara nawa ina ganinsa, ban taɓa duban ƙafarsa ba.

Raina bai yi daɗi ba. Mutumin nan shi ya fara ba ni wurin kwana da na sauka garin nan.

Bayan salla na jira aka watse. Na durƙusa na gaishe shi.

"Malam, ranar Asabar za a sallamo Baba. Anti ta ce a taru a gidan bayan azahar." Na ɗan dakata. "In da abin da ya kamata a zo da shi, don Allah a zo da shi."

Ya dube ni, carbi na tafiya a hannunsa. Ya ce, "Allah Ya kai mu."

Har Asabar ban san ko kaset ɗin na nan ba, ko sun bi motar shara.

*

Falon Baba ƙarami ne. Aka ajiye shi a keken marasa lafiya kusa da taga, an rufa masa bargo a gwiwa. Bakinsa ya karkace, amma idanunsa na bin kowa. Sumaya na ƙasa kusa da ƙafarsa. Mutaru da Abdurrahman sun zauna nesa da juna. Yaw ya tsaya a bakin ƙofa wai ya zo duba hita. Malam Tamimu ya shigo ƙarshe, ya zauna bisa darduma.

Na faɗi abin da na gani yadda na gan shi, ban kama suna ba. Na ce wanda ya shiga da makullin Baba ya shiga, ya kuma mayar da shi inda ya ɗauko. Ya cire takalmi a bakin ƙofa ko da yake ba kowa a ɗakin. Bai yarda ya ajiye Alƙur'ani a kan gado ba. Na ce a ganina wannan ba maƙiyin Baba ba ne, kuma ba gwamnati ba ce.

"To wane ne?" Mutaru ya ce. "Ka daina zagaye-zagaye."

"Bar yaron," in ji Malam Tamimu. "Yana jin kunyata ne. Ni ne."

Anti Habsatou ta saki kofin da ke hannunta. "Baba Malam!"

"Ni ne, Habsatou. Abdurrahman, ka yafe mini, na ji abin da aka yi maka na yi shiru." Ya juya wajen Sumaya. "Ke jikata, saurara. Kakanki da kansa ya gaya mini ya yi magana a kaset. Na ce masa, Haruna, rantsuwar fa? Ya yi dariya. Ba a yi sati biyu ba ya faɗi a gabana, a sahun farko. Kuma me aka karɓe? Harshe. Ba ido ba, ba kunne ba. Harshen da ya yi rantsuwar."

"Hawan jini ne, Baba Malam," Anti Habsatou ta ce tana kuka. "Ba ya shan magani, ga kilishi a ƙarƙashin matashi."

"Na ji. Likita ya faɗi nasa. Ni abin da na gani na gani. Na zauna na yi tunani, na ce rantsuwa ya yi ba zai faɗa wa kowa ba. Rikoda ba kowa ba ce. Yarinyar nan kuma ba ta gane abin da ya ce ba. Ashe har yanzu maganar ba ta shiga kunnen da ya fahimce ta ba, da sauran dama. Ranar da Abdurrahman ya saurara, ranar ta karye gaba ɗaya. An karɓi harshe a gargaɗi, me za a karɓa a cikon? Shekara arba'in muna sahu ɗaya da mutumin nan. Ba zan zauna ina kallo ba."

Sumaya ta ɗago. Da Hausa ta yi tambayar, a hankali, tana neman kalmomin.

"Ka... ƙona su?"

Ya sa hannu cikin babbar rigarsa ya fito da ƙunshin farin ƙyalle, ya ajiye a gabansa. Bai miƙa mata ba, hannunsa na kai.

"Ban ƙona ba, ban saurara ba. Amanar wani ce. Amma ba zan ba da su da hannuna a kashe shi ba."

Abdurrahman ya ce, "Malam, kai ka koya mana rantsuwa tana da kaffara. A ciyar da miskinai goma."

"Tana da ita. Amma mai rantsuwa shi ke niyya, shi ke cewa na karya, na ɗauki kaffara. Wani ba ya yi masa. Ga shi nan, ya ce mana."

Ni dai tun da aka fara nake kallon hannun Baba na hagu, yana ta motsi bisa bargo.

Na ce, "Malam, baki ne ya tafi. Shi yana nan, yana jinmu. A tambaye shi."

Malam Tamimu ya ja jiki har gaban keken, ya kama gwiwar amininsa.

"Haruna. Ka san abin da ka dafa. Ka san abin da ya same ka. Ka yarda a ji?"

Baba ya ɗaga hannun hagu da ƙyar, ya nuna saman tebur inda rikodar take. Sumaya ta ɗauko ta ɗora masa a cinya. Ya buɗe tafin hannunsa wajen Malam, ya bar shi a buɗe. Daga baya Malam ya kwance ƙyallen, ya ɗauki kaset na farko, ya sa masa a hannu.

Sumaya ta zura kaset ɗin ta rufe, ta kai yatsa za ta danna. Baba ya ture hannunta. Da kansa ya lalubi maɓallin, ya kuskure, ya sake, ya danna.

Kaset ya yi shuu. Sai murya ta fito, kakkaura, ba gargada: "Bismillahi. Ni ne Haruna ɗan Maman, wanda ake kira Tafinta. Sumaya, matso kusa, abin da zan faɗa da tsawo."

Sumaya ta kifa kanta a gwiwarsa. Abdurrahman ya jawo kujerarsa kusa.

Malam Tamimu ya miƙe ya fita, ya yafito ni da hannu. Na so in ji, ba zan yi ƙarya ba, amma na bi shi. Ya ja ƙofar ya rufe, muryar ta koma ƙasa-ƙasa.

"Ni ba zan saurara ba," ya ce. "Shi ya karya abarsa, ya kuma ɗauki kaffara a gaban shaidu. Saura a biya kafin rana ta faɗi. Jakar kai abincin nan taka tana cin kwano goma?"

"Tana ci, Malam."

"To mu je wajen mai shinkafa da wake. Ka san inda masu kwana a tashar jirgin ƙasa suke zama?"

Na ce na sani. Muka sauka a hankali, don ƙafarsa ta hagu ba ta son matakala.